Banjon Ezra da Zaren Fatsa

Ezra Hebden ya shekara arba'in da biyu yana gyaran takalma a garin Skelby, amma in baƙo ya tambaye shi sana'arsa, sai ya gyara tabarau ya ce shi makaɗin banjo ne. Takalma kuwa, a cewarsa, taimako ne kawai yake yi don kada masuntan garin su riƙa yawo da ɓulallen dunduniya.

Banjon nasa ya girmi aurensa da shekara biyu. A Leeds ya saye shi yana saurayi, lokacin da duk gidan da ya amsa sunan gida a Ingila sai ka ga banjo rataye a falo. Tsirkiya biyar gare shi, huɗu dogaye da gajeriya ɗaya wadda babban yatsa ke taɓawa, ga fatar maraƙi a ɗame kamar ta ganga. A wajen Ezra, kiɗan banjo da yatsu uku ake yin sa, tsirararsu, kana duban takardar kiɗa a gabanka kamar mai karatu, kuma tsirkiyar dole ta zama ta hanjin tumaki. Waɗanda suka zo daga baya da tsirkiyar ƙarfe, suna karta ta da ɗan guntun ƙaho a gidajen rawa, ba ya ko kiransu makaɗa. Masu kankare tukunya yake ce musu.

A da ƙungiyarsu ta banjo mutum ashirin da shida ce, kowa da farar kwala. Rediyo ta janye wasu, yaƙin duniya biyu suka ɗauke wasu, tsufa ya lallaɓa sauran. Zuwa shekarar 1948 saura su uku: shi, da Mis Pybus ta gidan waya, da Garbutt mahauci mai kaɗa ƙaton banjo mai muryar sa. Duk ranar Talata da la'asar sukan haɗu a falon Ezra, matarsa Maud ta ba su shayi, sannan ta koma kicin ta rufo ƙofa biyu.

Matsalar da ta hana Ezra sakewa ita ce tsirkiya. Tun lokacin yaƙi likitocin soja suka kwashe hanjin tumaki don ɗinkin rauni, ga shi yaƙi ya ƙare shekara uku amma kantin London da yake aika wa wasiƙa amsarsu ɗaya ce: babu, a yi haƙuri. Tsirkiyarsa ta farko, siririyar, ta tsinke sau biyu ya ƙulla, har ta gajarce ba ta ƙara kaiwa kunnen ɗauri sai da dabara. Ga kuma wasan da suke yi duk shekara a zauren majami'a don taimakon jirgin ceton masunta ya rage sati shida.

Wata Lahadi ƙanen Maud, Wilf Oyston, ya zo cin abinci kamar yadda ya saba. Wilf masunci ne, shekara sittin da shida, mai faɗin kafaɗa da dariyar da ake ji daga bakin teku. Tun ranar da Ezra ya fara zuwa zance wajen yayarsa yake tsokanarsa, bai kuwa gaji ba. 'Yarsa Edna ta auri wani sojan Amurka ta bi shi, tana aiko masa da ƙunshin kaya lokaci-lokaci. Ran nan sai ya zaro wani abu daga aljihu ya ajiye kusa da farantin Ezra.

"Ga maganin kukanka, surukina."

Ezra ya ɗaga ya duba. Zare ne a naɗe, fari kamar ruwa, santsi kamar gilashi. "Mene ne wannan?"

"Nailan ake ce masa. Zaren fatsa ne na zamani. Ba ya ruɓewa, ba ya jin ruwa. Jiya na jawo kifi da shi da ya kusa kai ka nauyi, ko da yake wannan ba wani abin yabo ba ne."

"To, sai in yi me da shi?"

"Ka ɗaura wa wannan kaskon naka mana."

Ezra ya ajiye cokali a hankali. "Wilf, a gidana kake, dankalina kake ci. Banjon da aka kaɗa a gaban magajin garin Leeds kake so in ɗaura wa igiyar kama kifi?"

"Magajin garin ai ya mutu tuntuni. Wa ya sani ko kiɗan ne ya kashe shi."

"Ku ci abinci," in ji Maud, ba ta ko ɗago kai ba. "Tsofaffi biyu, haƙoranku gaba ɗaya ba su kai goma ba, amma baki kamar na 'yan kasuwar kifi."

Ezra ya tura zaren gefe da bayan wuƙa. Amma maganar ta tsaya masa a rai, don haka washegari ya yanke shawarar da ya daɗe yana juyawa: tunda London ta kasa, shi zai murza tsirkiyarsa da kansa. Mai ɗinkin takalmi ai ya san fata da zare. Ya lallashi Garbutt ya rage masa hanjin tunkiya daga wanda yake ɗura niƙaƙƙen nama a ciki, ya kawo gida cikin bokiti, ya jiƙa a ruwan toka a bayan kicin kamar yadda wani tsohon littafi ya ce.

Kwana uku Maud tana haƙuri. Rana ta huɗu maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya cikin tausayi ko wani abu ne ya mutu a ƙarƙashin daɓe. Maud ta ɗauki bokitin da kanta ta kai ƙarshen lambu, ta dawo ta ce, "Ezra, ko hanjin nan ko ni. Kuma ka yi tunani da kyau, don hanji ba ya dafa shayi."

Ya ƙarasa aikinsa a lambu. Ya kankare, ya tsaga, ya murza, ya shanya su a igiyar shanya, dogaye guda shida, ya tsaya yana kallonsu da hannu a aljihun falmaran. Ya shiga ciki cin abincin rana. Da ya fito, kyanwoyi huɗu ya tarar da tsuntsayen teku sun fi goma, ana ta rabon gado. Guntu ɗaya ya tsira da shi, bai kai tsawon igiyar takalmi ba.

A satin nan ne kuma siririyar tsirkiyar ta tsinke a karo na uku, ta biyun ta fara tsatsewa. Ezra ya mayar da banjo cikin akwatinsa ya rufe. Ranar Talata ya aika wa Mis Pybus da Garbutt cewa ba ya jin daɗi. Yana zaune a kujerarsa bakin murhu, jarida a cinya ba ya karantawa, yatsunsa uku na dama suna ta motsi a hannun kujera.

Bayan kwana goma, ya dawo daga aski sai ya tarar da 'yan ambulan huɗu a kan tebur, irin waɗanda kantin London ke sako tsirkiya a ciki.

"Sun zo kana fita," in ji Maud, tana goge murhun da ta riga ta goge.

Ya zaro ɗaya ya kai kusa da taga. Idonsa ya yi rauni 'yan shekarun nan, amma ya ga launin ruwan zuma, ya shafa ya ji ɗan kaushi. An ma ƙulla musu hanci a ƙarshe, sai dai a maƙala kawai.

"Kin gani ko?" ya ce. "Mutanen kirki. Har ƙulli sun yi mini."

"Lallai kam," in ji Maud.

Ya ɗaura su ran nan, ya bar ta huɗun mai kauri, don ita da siliki aka naɗe ta kuma lafiyarta ƙalau. Abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda sababbin ke miƙewa. Ya ɗaure da safe, kafin azahar sun saki. Ya sake ɗaurewa, kafin shayi sun sake saki.

"Ban taɓa ganin hanji mai naci irin wannan ba," ya ce.

"Tumakin bayan yaƙi ne," in ji Maud. "Su ma a kan katin rabon gwamnati suke cin abinci kamar kowa."

Ezra ya ga maganar da ma'ana. Bayan sati guda tsirkiyoyin suka zauna daram, muryarsu ta fito tas, mai zaƙi, mai ƙara fiye da yadda ya saba. Ranar Talata ya sa Mis Pybus da Garbutt suka yi shiru ya kaɗa musu ɗaya-ɗaya, yana ɗaga gira.

Ranar wasa gari ya waye da hazon teku, irin wanda ke shiga har cikin aljihu. Zauren majami'a ya cika da masunta da matansu, riguna na ɗigar ruwa, tagogi sun yi gumi. Makaɗan uku suka tsaya bakin murhu suna gasa fatun banjonsu don su ɗame, sannan suka hau dandamali. Wilf yana layin gaba kusa da yayarsa, ya sha wanka, ya naɗe hannu a ƙirji.

Kiɗan fareti na farko ya tafi lafiya. A tsakiyar na biyu danshi ya yi aikinsa. Tsohuwar tsirkiyar Garbutt ta tsinke tau, ta tsula masa a kunne. Na Mis Pybus kuwa sai sauka suke yi, tana bin su tana murɗa kunne, har muryar banjonta ta koma kamar ta mai mura. Ta dubi Ezra ido ya cika da hawaye. Shi kuwa nasa ko gezau. Ya gyaɗa musu kai su huta, ya matso da kujera, ya ci gaba shi kaɗai.

Ya daɗe bai yi kiɗa irin na ran nan ba. Babban yatsa yana tsalle tsakanin gajeriyar tsirkiya da mai kauri, sauran biyun suna zuba kamar ƙanƙara a kan kwano, hannun hagu yana hawa wuyan banjo yana sauka. Tsofaffin mata suka fara buga ƙafa. Da ya gama aka yi tafi har fasto ya manta da kansa ya yi fito.

Da Ezra ya tsaya nan, da an rabu lafiya. Sai ya miƙe ya ɗaga hannu.

"Jama'a, kun dai ji da kunnenku. Akwai waɗanda ke cewa zamanin hanjin tumaki ya wuce. Akwai ma wani, ba zan faɗi sunansa ba, yana layin gaba, da ya ce in ɗaura igiyar kama kifi. To wannan muryar da kuka ji, babu abin da ke ba da ita a duniya sai hanji na asali. Shekara hamsin da biyu ina wannan abu. Ko a mafarki aka sa mini wani abu a hannu, zan gane."

Wilf ya cusa hularsa a baki. Kafaɗunsa suna rawa, fuskarsa ta yi ja kamar dafaffiyar ƙaguwa. Maud ta kai masa gwiwar hannu a haƙarƙari, amma ina. Ya tashi ya fita a guje, aka riƙa jiyo shi daga waje yana haki yana dukan bango.

Lokacin shan shayi wani tsohon masunci, Amos Leng, ya zo ya tsaya kan banjon yana leƙe. Shi mutum ne da bai iya ɓoye abin da ya gani ba.

"Mista Hebden, su mutanen London ɗin nan, su ma suna fita teku ne?"

"Me ka gani?"

"Ƙullin nan. Irin na ɗaure ƙugiyar fatsa ne. Kuma bahago ne ya yi shi, dubi inda bakin ya juya. Bahago ɗaya na sani a garin nan mai irin wannan ƙulli."

Ezra ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya ɗago ya nemi matarsa a cikin jama'a, ya hango ta can wajen tulun shayi ta ba shi baya, tana zuba wa mutanen da kofinsu cike yake.

Suka koma gida. Suna shiga ya kwance tsirkiyoyin huɗu ya jera su a tebur kamar shaidu a kotu. Maud ba ta yi musu ba. Ta ce Wilf ne ya yanko su ya ƙulla, ita ta jiƙa su kwana biyu a shayi mai kauri don su yi launi, ta goga musu samfefarsa ta takalma don su yi kaushi, ambulan kuwa daga aljihun teburinsa ta ɗauko, inda yake tara su tun kafin yaƙi.

"Samfefata," in ji Ezra. "Da samfefata aka yi mini wannan."

Kwana uku ba ya yi mata magana. Yana dai cin abinci, don fushinsa bai kai can ba. In yana son gishiri sai ya nuna da yatsa. Maud kuwa ta riƙa yi wa kyanwar maƙwabta hira da ƙarfi, tana gaya mata yadda gida ya yi daɗi tun da aka samu shiru.

Rana ta huɗu da hantsi, yana zaune bakin murhu, sai ta zo ta zauna a kujerar da ke fuskantarsa, ta ɗora hannu a kan yatsunsa da ke motsi a hannun kujera.

"Ka san abin da ya sa?" ta ce. "Shekara hamsin ina rufe ƙofa biyu saboda kiɗanka. Amma kwana goman da ka rufe akwatin nan, sai na riƙa barin ƙofa a buɗe ina jira. Ka tsufa a kwana goman nan fiye da yadda ka tsufa a yaƙi. Ban iya kallo ba."

Ezra ya dubi murhu. Can ya ce, "Ai da sai ki hana ni yin jawabin nan a gaban jama'a."

"Na ja maka riga kafin ka hau dandamali, na ce ban da jawabi. Ka ce in bar ka, ka san abin da kake yi."

Da la'asar Mis Pybus da Garbutt suka zo, Garbutt da auduga a kunne. Sun yi ta kewaye-kewaye kan sanyi da farashin kwal, sannan Mis Pybus ta ce, tana duban ƙasan kofinta, ko Mista Hebden zai iya sa baki a samo musu irin hanjin nan nasa na London.

Washegari Ezra ya sa babbar rigarsa, ya rataya akwatin banjo, ya gangara bakin teku. Wilf yana zaune kan kifaffen kwale-kwale yana gyaran raga, lofen taba a baki. Da ya hango shi sai ya cire hula ya rusuna.

"Maraba da wanda ko a mafarki zai gane."

"Rufe mini baki. Akwai saura?"

"Sauran me? Faɗi sunansa in ji."

Ezra ya dubi teku, ya dubi sama. "Zaren."

"Zaren me?"

"Zaren fatsa, ɗan banza!"

Wilf ya yi dariya har lofe ya faɗi. Amma ya matsa masa wuri, ya jawo akwatin kayansa. Yana fito da naɗe-naɗen zaren yana cewa, "Ka san lokacin da nake aikin jirgin ayaba, mun sha tsayawa a Jamaika. Can na ga wani tsoho da banjon da ya yi da kansa, ƙwarya da fatar akuya. Ya ce haka kakanninsa suke yi tun da aka kawo su daga Afirka, tun kafin ku da farar kwalarku ku san da shi. Na tambaye shi da me yake tsirkiya, ya ce da abin da ya samu. Kuma in ka ji kiɗansa, sai ka jefa naka a ruwa."

"Na san tarihin, ba sai ka koya mini ba," in ji Ezra. Amma ya riƙa juya zaren a yatsa.

Suka zauna nan har rana ta karkata, suna gwadawa. Zaren kauri-kauri ne, kowane da nauyin kifin da yake iya ɗauka. Ezra ya ɗaura, ya kaɗa, ya karkata kai, ya ce wannan ya yi sanyi, a ba shi na sama da shi. A ƙarshe suka tsaya kan mai laba ashirin da biyar don ta farko da gajeriyar, mai laba talatin don ta biyu, mai arba'in don ta uku. Masunta suka taru suna ba da shawara, waɗanda ba su taɓa riƙe banjo ba sun fi kowa ƙarfin murya. Wilf ya koya masa ƙullin, Ezra ya ce na bahago ne, shi zai yi nasa ta dama.

Bayan wata biyu mujallar makaɗan banjo ta buga wata wasiƙa daga Skelby. A ciki Mista E. Hebden ya bayyana cewa, bayan dogon bincike da gwaje-gwaje, ya gano zaren fatsa na nailan yana iya maye gurbin hanji. Ya kawo nauyin kowace tsirkiya dalla-dalla, ya kuma ba da shawarar a ɗan goga samfefa. Bai ambaci shayi ba. A layin ƙarshe ya gode wa "wani masunci da ya taimaka da ɗan abin da ya sani".

Wilf ya sa Mis Pybus ta karanta masa wasiƙar sau biyu a gidan waya, sannan ya zo gidan yayarsa ya tsaya a ƙofa yana kiran mai dogon bincike ya fito. Ezra ya ƙi fitowa, ya ce yana da aiki.

Aikin kuwa da gaske ne. Wasiƙu suka fara zuwa daga Wales, daga Kent, har daga wani tsibiri a Scotland, duk tsofaffin makaɗa ne da banjonsu ya shekara a ƙarƙashin gado. Edna ta riƙa aiko da zaren daga Amurka. Ranar Lahadi bayan abinci sai a share tebur, Wilf yana aunawa yana yankewa, Ezra yana gogawa yana gaya masa bai auna daidai ba, Maud tana rubuta adireshi. Kafin ƙarshen shekara wasu mutum biyu daga garin da ke gaba suka fara hawo bas ranar Talata da banjonsu, ƙungiya ta koma mutum biyar, har sai da aka aro kujera daga maƙwabta.